Amsoshin Tambayoyinku: Rayuwar Panda a Hannun Masu Kiwonta

Mai gabatarwa: Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake saduwa a filin amsoshin tambayoyinku. Wasiƙun wannan mako sun taru a kan dabba guda, wato panda, mai baƙi da farin nan ta ƙasar Sin. Muna tare da likitan dabbobi. Likita, barka da zuwa.

Likita: Barka kadai, ina gai da masu sauraro.

Mai gabatarwa: Wani ɗalibi daga Funtuwa yana tambaya, panda dangin kyanwa ce ko dangin biri? Ɗana, ba ko ɗaya. Dangin beyar ce, kuma a daji ba a samunta sai a duwatsun lardunan Sichuan da Shaanxi da Gansu. Sai wata uwargida daga Maraɗi, ta ce me ake ba ta ta ci har ta yi wannan ƙiba?

Likita: Gora, Hajiya. Ganyen gora da karanta da tohonta. Babbar panda takan ci kilo 12 zuwa sama da 30 a rana, rabin yininta a tauna yake ƙarewa. Abin mamakin shi ne hanjinta irin na masu cin nama ne, gajere, ba ya narkar da gorar sosai, shi ya sa take yin kashi har kusan sau 40 a rana. Kashin nan kuwa masu kula da ita ba sa wasa da shi, aunawa suke yi su duba launinsa, don a nan ake fara gane ciwo. Akwai ma wani ƙashi a wuyan hannunta da yake mata aikin babban yatsa wajen riƙe gora...

Mai gabatarwa: Likita, Hajiya abinci ta tambaya, kai kuma ka kai mu bayan gida.

Likita: To, a ƙara da karas da tuffa, da wata waina da ake turara mata daga garin masara da waken suya.

Mai gabatarwa: Madalla. Yanzu ga tambayar da ta fi yawa, daga Kano da Damagaram da Kumasi da Garwa duk an aiko ta. Wani dattijo daga Gusau ya fi kowa fito da ita fili. Ya ce dabbar da Allah Ya halitta a daji, me ya sa za a killace ta a ce sai mutum ya taimaka za ta haihu? Ba zalunci ba ne?

Likita: Baba ya yi tambaya mai nauyi. Mu fara da haihuwar. Macen panda sau ɗaya take neman namiji a shekara, tsakanin Maris da Mayu, kuma lokacin da za ta iya ɗaukar ciki bai wuce kwana ɗaya zuwa uku ba.

Mai gabatarwa: A shekara guda, kwana uku?

Likita: Kwana uku in ya yi yawa. In ya wuce, sai baɗi. A daji wannan ba matsala ba ce, maza sukan bi ƙanshinta su taru su yi faɗa, ita kuma ta samu wanda ya dace. A killace ne abin ya dagule. Sai a haɗa biyun da ba sa son juna, kowa ya juya wa ɗan'uwansa baya. An sami haihuwar farko a gidan zoo na Beijing a 1963, a 1978 kuma a can aka fara samun haihuwa ta hanyar ɗibar maniyyin namiji a zuba wa mace. Yanzu fitsarinta ake gwadawa kullum don a gane ranar. Daga baya masu bincike suka gano in aka bar mace ta zaɓi wanda take so, an fi samun barbara, an fi samun 'ya'ya.

Mai gabatarwa: Iyaye dai kuna ji.

Likita: Ko an yi barbarar ma sai a zauna jira, wata uku zuwa biyar, kuma wata takan nuna duk alamun ciki alhali babu komai. In ta haihu, jaririn gram 100 ne ko kusa da haka, bai fi sabulun wanka nauyi ba, jajir, ido a rufe. Kusan rabin haihuwar tagwaye ne, uwar kuwa ɗaya take iya raino. A daji ɗayan mutuwa yake yi. A cibiyar kiwon panda ta birnin Chengdu a Sin sai su sa ɗaya a kwalba, bayan 'yan sa'o'i su musanya, kowane ya sha nonon uwa, musamman dakashi. Wannan dabarar ta ceci 'ya'ya masu yawa. Cibiyar nan da panda shida ta fara a 1987. Yau waɗanda ke hannun mutane a duniya sun haura 700.

Mai gabatarwa: Amma Baba ya ce zalunci ne ko ba zalunci ba?

Likita: Ni a ganina, in kiwon ya tsaya a haihuwa da kallo, Baba yana da gaskiya. Amfaninsa shi ne a mayar da su daji, kuma nan ne wuyar take. A 2006 aka saki wani namiji mai suna Xiang Xiang a yankin Wolong. Bai cika shekara ba aka tsinci gawarsa, ana kyautata zaton faɗa da mazan daji ne sanadi. Hannun mutane ya taso, bai san daji ba. Sai aka sauya tsari. Ana barin ɗan tare da uwarsa a wani yankin dutse da aka kewaye, ita za ta koya masa neman gora da ruwa da hawa bishiya. Ma'aikata in za su shiga, rigar panda suke sawa, su shafa mata fitsarin dabbar don kada ya saba da kamannin mutum ko warinsa. Haka aka raini Tao Tao, aka sake shi a 2012, kuma ya rayu.

Mai gabatarwa: Bari in maimaita wa Baba. Haihuwa a killace an ci nasararta, mayarwa daji kuwa har yanzu kaɗan ne aka mayar. Ƙidayar da aka kammala a 2014 ta sami panda 1,864 a daji, a 2016 kuma aka cire ta daga jerin dabbobin da ke gab da ƙarewa. Ƙaruwar da aka samu a yawansu a daji daga kare dajin gora ta zo, da hana sare itatuwa da farauta. Ni kam a nan zuciyata ta fi natsuwa.

Wani matashi daga Kano ya ce me ya hana a kawo ko guda biyu gidan zoo na Audu Bako? Malam, haya ake bayarwa, ba sayarwa ba. Kusan dala miliyan ɗaya a shekara kan mace da namiji, kuma duk ɗan da aka haifa na Sin ne, za a mayar da shi. Ga gora ɗanya kullum, ga sanyi, don dabbar ba ta jure zafi. Ƙatar da ta karɓi biyu a 2022 sai da ta gina musu gida mai na'urar sanyaya ɗaki. Wani gidan zoo a Finland kuwa mayar da nasa ya yi a 2024 saboda tsada. Kuma tsakani da Allah, kai da ka rubuto, yaushe rabonka da zuwa duba zaki da kuran da ke nan kusa da kai?

Ta ƙarshe, wata malamar makaranta daga Yola, shekara nawa panda ke yi? Likita, a taƙaice don Allah.

Likita: A daji 15 zuwa 20, a hannun mutane kusan 30. Wata mai suna Jia Jia ta kai 38 a Hong Kong kafin ta mutu a 2016.

Mai gabatarwa: Lokaci ya cimmana. Waɗanda suka tambayi ƙaramar panda mai jan gashi, wata dabba ce daban, ku yi haƙuri sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. Likita, mun gode. A huta lafiya.