Kaduna ta Tsakiya: Mazaɓar da Ba Ta da Ubangida

An gabatar da wannan lacca ga ɗalibai da matasan unguwa a wani ɗakin taro a Tudun Wada, Kaduna. Daga muryar da aka naɗa aka rubuto ta, an rage maimaici kawai.

Assalamu alaikum. Shugaban taro, malamaina da ke zaune nan gaba, iyayenmu mata, 'ya'yana ɗalibai, ina gaishe ku. Na can baya kuna ji na? To madalla.

An ce in yi magana kan tarihin siyasar mazaɓarmu ta sanata, Kaduna ta Tsakiya. Bari mu fara da ƙirga ƙananan hukumomin da ke cikinta, don na lura da yawanmu muna jefa ƙuri'a ba mu san da wa muka haɗa akwati ba. Bakwai ne: Kaduna ta Arewa, Kaduna ta Kudu, Igabi, Chikun, Kajuru, Giwa da Birnin Gwari. Ku ɗan tsaya ku yi tunanin mutanen nan. Ɗan kasuwar Kawo, da manomin Adara a Kajuru, da Bagwarin Chikun, da mai shago a Rigasa, da mutumin Birnin Gwari da ke da sarkinsa na kansa, wanda tsakaninsa da nan ya haura kilomita 100. Ga mutumin Giwa kuma, kasuwarsa Zariya, danginsa Zariya, asibitin koyarwa na Shika ma a ƙasarsa yake, amma ranar zaɓen sanata da mu yake. Duk waɗannan mutum ɗaya ne ke tashi ya yi magana da yawunsu a Abuja.

Kafin mu zo kan sanatoci, sai mun san irin garin da muke ciki. Kaduna ba birni ne mai ganuwa irin Zazzau ko Kano ko Katsina ba. Ƙasar Gbagyi ce Turawa suka zaɓa saboda kogi da layin dogo, suka taso da hedikwatar Arewa daga Zungeru zuwa nan a 1917. Soja ya zo, akawu ya zo, leburan jirgin ƙasa ya zo, mai sayar musu da abinci ya biyo su. A 1957 aka buɗe masaƙar KTL a Kakuri, daga baya UNTL da Arewa Textiles da sauransu suka biyo, sai kamfanin haɗa motocin Peugeot a 1975, sai matatar mai a 1980. Kowa da inda aka binne cibiyarsa, amma nan yake neman abinci.

Mahaifina, Allah Ya jiƙansa, masaƙa ya yi wa aiki. Ina yaro nakan kai masa abinci a kwanon sha mai murfi, in tsaya bakin ƙofa a Kakuri har a busa jiniyar tashi. Kekuna za ka gani sun fito kamar an fasa dam, audugar ta maƙale a gashin kai da gira. A gindin bishiyar da suke cin abinci na fara jin gardamar siyasa. Bakano na zaune, ga Tibi, ga Bajju, ga Bayerabe, hannu cikin kwano, ana musu kan ƙarin albashi da wanda za a zaɓa a ƙungiyar ƙwadago. Mutumin da ya saba zaɓen shugaban ƙungiyarsa, ya kuma saba tsige shi idan ya ci amana, ba za ka zo masa da cewa hakimi ya ce a yi wane ba. A ganina daga gindin irin bishiyoyin nan halin zaɓen garin nan ya tsiro.

Zamanin Jamhuriya ta Farko zan wuce shi da sauri. Nan ne fadar gwamnatin NPC, Sardauna na nan, majalisa na zama a Lugard Hall, 'yan NEPU kuma na shan wuya a garuruwa. Abu ɗaya nake son 'yan matan da ke nan su riƙe: a duk zaɓukan wancan lokaci, matan Arewa ba su jefa ƙuri'a ba. Hajiya Gambo Sawaba ta nan Zariya ta sha ɗauri a kan irin wannan fafutuka. Sai a ƙarshen shekarun 1970 kakanninku mata suka samu wannan dama. A 1967 Gowon ya ƙirƙiro Jihar Arewa ta Tsakiya, a 1976 aka sauya mata suna zuwa Kaduna, Katsina kuma na cikinmu har 1987.

Inda nake so mu daɗe shi ne 1979. A shekarar nan mutanen tsohuwar Jihar Kaduna suka yi abin da ya ba ƙasa mamaki. Suka ba Alhaji Abdulƙadir Balarabe Musa na PRP kujerar gwamna, suka kuma cika majalisar dokoki da 'yan NPN, kujeru fiye da 60 cikin 99. Gwamna ya aika sunayen kwamishinoni, majalisa ta ƙi. Ya sake aikawa, ta sake ƙi. Haka ya yi mulki ba kwamishina ko ɗaya har suka tsige shi a watan Yunin 1981, gwamna na farko da aka taɓa tsigewa a Nijeriya. Mataimakinsa Abba Musa Rimi ya ƙarasa wa'adin, Lawal Kaita na NPN ya ci zaɓen 1983, bayan wata uku soja suka kwashe kowa. Ranar da aka sanar da tsigewar ina gida, maza sun kewaye rediyo a ƙofar gidanmu, ba mai cewa uffan. Wani maƙwabcinmu tela ya tashi ya rufe shagonsa da rana tsaka ya shige gida. Abin da nake so ku gani a nan shi ne, tun a wancan lokaci mai zaɓe a ƙasar nan ya iya raba ƙuri'arsa, ya ba wannan jam'iyya sama, ya ba waccan ƙasa. A lokacin kowace jiha sanata biyar take da su, saboda haka mazaɓar da muke magana a kai, da iyakokinta na yau, ba ta wanzu ba tukuna. Rabon jiha gida uku ya zo ne daga baya, a hannun soja, shi ne tsarin mulkin 1999 ya tabbatar.

To ga sanatocin. A 1999 Ahmed Makarfi na PDP ya zama gwamna, amma Kaduna ta Tsakiya ta tura Mukhtar Aruwa na APP. A 2003 ta sake tura shi, jam'iyyar ta koma ANPP. Ku riƙe sunan nan, domin shi kaɗai ne ya taɓa yin zango biyu a kujerar. A 2007 Kabiru Jibril na PDP ya hau. A 2011, lokacin guguwar Buhari ta CPC, Patrick Yakowa na PDP ya ci gwamna, mu kuma muka tura Janar Sani Saleh mai ritaya na CPC. A 2015 Shehu Sani na APC. A 2019 Uba Sani, shi ma APC. A 2023 Uba Sani ya koma gidan gwamnati a APC, kujerar da ya bari ta faɗa hannun Lawal Adamu Usman na PDP, wanda ya doke Muhammad Sani Abdullahi Dattijo. Ku ƙirga da kanku: zaɓe bakwai, mutum shida. A huɗu daga cikin bakwai ɗin nan, sanatanmu da gwamnanmu ba jam'iyyarsu ɗaya ba.

Labarin 2015 zuwa 2019 ya isa darasi shi kaɗai. Gwamna Nasiru El-Rufa'i da Sanata Shehu Sani tuta ɗaya suka shiga da ita, amma ba a je ko'ina ba aka raba gari. Rikicin ya kai maƙura a 2018, lokacin da jiha ta nemi rancen dala miliyan 350 daga Bankin Duniya. Shehu Sani ne shugaban kwamitin basussuka a majalisar dattawa, kuma sanatocin Kaduna uku duka suka ƙi amincewa. Ƙarshen shekarar ya bar APC ya koma PRP, tsohuwar jam'iyyar Balarabe. Da aka zo zaɓe Uba Sani ya samu ƙuri'a sama da dubu 350, Shehu Sani ya tashi da kimanin dubu 70. Ba na nan don in ce wane ne mai gaskiya tsakaninsu. Abin da ya dame ni shi ne, maganar bashin da jikokinmu za su biya ce, amma a majalisun unguwa da muke zama, mutum nawa ne suka tambayi me za a yi da kuɗin, shekara nawa za a yi ana biya? Mun mai da ita maganar wa ya fi wa ƙarfi.

Akwai abin da ba zan tsallake ba, ko da yake da nauyi a baki. Rikicin shari'a na 2000, da rikicin 2002, da na bayan zaɓen 2011, sun sauya taswirar zaɓen garin nan fiye da yadda kowace hukuma ta taɓa sauya ta. Iyalan da suka shekara talatin a gida ɗaya suka kwashe kaya. Musulmi suka tattaru a Rigasa da Tudun Wada da Kawo da sauransu, Kirista suka nufi Sabon Tasha da Television da Unguwar Romi. A daidai wannan tsakanin masaƙun suka mutu, KTL a 2002, UNTL a 2007. Wato wurin da ke haɗa mu cin abinci a kwano ɗaya ya rufe a lokacin da muka fi buƙatarsa. Yau ɗan siyasa na zaune a ɗakinsa zai iya gaya maka yadda akwatin kowace unguwa zai fito, daga sunan unguwar kawai. Wannan ba abin alfahari ba ne, kuma ni ina jin ciwonsa, don na ga lokacin da ba haka ake ba.

Sai maganar karkara. Ƙuri'a ta fi yawa a cikin gari, saboda haka nan 'yan takara ke kwana. Rigasa kaɗai, wadda gunduma ɗaya ce a Igabi, tana iya ɗaga mutum ko ta kayar da shi. Amma ku duba inda jinin mazaɓar nan ya fi zuba a shekarun nan. Kasuwan Magani a 2018, Kajuru ce. Tudun Biri, inda jirgin soja ya jefa bam kan masu Mauludi a Disambar 2023, Igabi ce. Kuriga, inda aka kwashe 'yan makaranta a Maris na 2024, Chikun ce. Hanyar Birnin Gwari kuwa an yi shekaru ba a binta sai da rakiyar jami'an tsaro. Duk mazaɓarmu ce. Wanda ya gudo daga ƙauyensa ya fake a gidan ɗan'uwa a cikin gari, rumfar zaɓensa na can inda ya baro. Mutumin da ya fi kowa buƙatar wakili shi ne ya fi kowa wahalar kai wa ga akwati.

Wani yaro ya tambaye ni a bakin ƙofa ko ana iya sake iyakar mazaɓa. Ana iyawa. Sashe na 71 na tsarin mulki ya ɗora wa hukumar zaɓe raba kowace jiha zuwa mazaɓun sanata uku, sashe na 73 kuma ya ce ta riƙa sake duba rabon, tsakanin dubawa da dubawa kada ya gaza shekara 10, sannan sashe na 74 ya ce sai majalisar tarayya ta amince. Amma iyakokin da muke zaɓe da su yau, su ne dai waɗanda muka shiga 1999 da su. Jiharmu na da kujeru 16 a majalisar wakilai, biyar daga ciki a wannan mazaɓa suke: Kaduna ta Arewa, Kaduna ta Kudu, Igabi, Chikun da Kajuru a haɗe, Birnin Gwari da Giwa a haɗe. Wanda ya san Rigasa da Sabon Tasha da Maraban Rido a 1999, ya zo ya gan su yau, ya san mutane sun ninka, kujerun kuwa suna nan yadda suke.

Shugaban taro yana nuna mini agogo, kuma ga shi an fara kiran la'asar. Ɗaliban da suka ce za su yi bincike kan wannan, ku fara da tsofaffin ma'aikatan masaƙa da ke zaune a Kakuri da Makera, ku je da abin naɗar murya tun suna da rai. Idan mun idar da salla sai mu dawo a yi tambayoyi. Na gode.