Darasin Lafiya: Sauya Maganin Ciwon Damuwa da Abin da Jiki Ke Ji Idan An Daina Sha

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da warhaka. Darasinmu na yau na waɗanda likita ya ɗora a kan maganin ciwon damuwa ne, da kuma 'yan uwan da ke jinyarsu. Duk wanda kwalin maganinsa ke kusa, ya ɗauko ya riƙe a hannu, don zan riƙa kiran sunaye, ina so kowa ya gane nasa.

Waɗanda aka fi rubutawa a nan wajenmu su ne amitiriftilin, wanda tsohon magani ne mai araha, sai fulokzetin da wasu suka sani da Prozac, da satralin wato Zoloft, da farokzetin wato Seroxat. Akwai kuma benlafaksin, shi ne Effexor. Ba a sha yau a ga aikinsu gobe. Sai an yi mako 2 zuwa 4, wani ma har 6, kafin mutum ya fara jin nauyin ƙirjinsa na sauka. Idan kuma an samu sauƙi, ƙa'ida ita ce a ci gaba da sha aƙalla wata 6 bayan nan. To a nan ne yawancinmu muke yin ɓarna. Mutum ya ji ya warware, ya koma kasuwa, sai ya ce me ya rage? Wani kuma kuɗin ne babu. Tun daga 2023 da aka cire tallafin mai, Naira ta faɗi, kowa ya ga yadda magani ya yi tsada, a shekarar ce ma kamfanin GSK mai yin Seroxat ya sanar da cewa zai daina harkarsa kai tsaye a Najeriya. Wani ya zaga kemis uku a Tudun Wada bai samu nasa ba, sai ya haƙura.

To me ke biyo baya? Kwana 2, 3, zuwa 5 da dainawa, sai jiri ya fara. Mutum ya ɗago daga sujada ya ji ɗakin na juyawa da shi. Ga tashin zuciya, ga ciwon gaɓoɓi, ga gumi da sanyi-sanyi, ga kasala. Dare ya yi barci ya ƙi zuwa, in ya zo kuma sai mafarkai masu firgitarwa. Abu kaɗan ya fusata shi, ko ya fashe da kuka ba dalili. Akwai kuma wata alama da mutane ke jin nauyin faɗa, don suna tsoron a ce sun zare: su ji kamar wutar lantarki ta ja su a cikin kai, zut, na ƙiftawar ido, musamman in sun juya ido da sauri. Wannan sananniyar alama ce, likitoci sun san ta, ba tabin hankali ba ne.

Ku dubi jerin nan da kyau. Ciwon jiki, sanyi, gumi, amai. Wane ɗan Kaduna ne zai ji haka bai ce maleriya ba ce? Sai a tafi kemis a sayi maganin zazzaɓin cizon sauro, bai yi ba a ce taifod ce, a ƙara da allurai. Mai jin wutar nan a kai kuwa, gida za a ce iska ce ta taɓa shi, a nemo mai ruƙiya. Ni ban hana kowa addu'a ba, kuma in akwai zazzaɓi na gaske a je a yi gwajin jini, maleriya ba ta ƙare a garin nan ba. Amma kafin komai a yi tambaya ɗaya: yaushe rabonka da shan ƙwayar nan?

Dalilin abin ba ɓoyayye ba ne. Yawancin magungunan nan suna ƙara yawan wani sinadari mai suna sirotonin a tsakanin jijiyoyin ƙwaƙwalwa. Wata da watanni ana sha, ƙwaƙwalwa ta daidaita kanta da wannan yanayin. Ranar da aka janye shi gaba ɗaya, sai ta rasa madafa kafin ta sake daidaitawa. Kuma kada wani ya ce ai ka zama ɗan ƙwaya. Ɗan ƙwaya yana kwaɗayin abin, yana ƙara yawansa don ya ji daɗi, yana sayar da kayansa ya saya. Mai shan maganin damuwa ba ya yin ko ɗaya cikin waɗannan, jikinsa ne kawai ya saba.

Magungunan ma ba ɗaya suke ba wajen wannan wahala, kuma abin ya danganta da saurin fitarsu daga jiki. Benlafaksin cikin kamar awa 5 rabinsa ya fita daga jini, shi ya sa mai shan sa ko kwana ɗaya ya tsallake yana iya ji a jikinsa. Farokzetin kusan kwana ɗaya ne, shi ma ya yi suna wajen wahalar da mutane. Fulokzetin kuwa makonni yake yi yana fita sannu a hankali, don haka nasa ya fi zuwa da sauƙi, ko ya zo a makare. A da littattafan likitoci suna cewa alamomin nan ba su da tsanani, mako guda sun wuce. A 2019 hukumar NICE mai tsara ƙa'idojin jinya a Ingila ta gyara wannan magana, ta yarda cewa a wasu mutane abin yana tsananta, yana kuma ɗaukar watanni. Don haka in kin ce kina shan wahala, Hajiya, ba raki ba ne.

Ga saƙo daga wata baiwar Allah a Rigasa, tana tambaya yaya za ta bambance wannan da dawowar ciwon kansa. Ƙanwata, kin yi tambaya mai kyau. Dubi lokaci. Wahalar daina magani tana zuwa da wuri, cikin kwanaki, kuma tana zuwa da abubuwan da ba ki taɓa ji ba lokacin ciwonki na farko, irin jirin nan da jan wutar nan. In aka mayar da ke kan maganin, galibi kwana ɗaya ko biyu kin ji daidai. Dawowar ciwo kuwa a hankali take lallaɓowa, bayan makonni ko watanni, kuma da tsohuwar fuskarta take zuwa: baƙin cikin nan da kika sani, rashin sha'awar komai, ganin kanki ba ki da amfani.

Yanzu sai yadda ake sauka. Wanda ke saman bene ba ya dirowa ta taga, matakala yake bi. Likita zai rage maka kaɗan, ka zauna a kai mako 2 zuwa 4, in jiki ya karɓa a sake ragewa. Wanda ya yi 'yan watanni yana sha zai iya gamawa cikin wata guda ko fiye. Wanda ya shekara biyu, uku, yana iya buƙatar watanni da yawa, kuma ba abin kunya ba ne. Abin da mutane ba su sani ba shi ne ƙarshen ya fi farkon wuya. Saukowa daga miligiram 40 zuwa 20 sau da yawa ya fi sauƙi a kan daga 10 zuwa babu, domin ɗan ƙaramin adadin nan yana riƙe da kaso mai yawa na aikin a ƙwaƙwalwa. Saboda haka in an zo ƙasa, ragin ƙanana ake yi. In wani mataki ya yi maka tsanani, a koma na baya da ka ji daɗinsa, a huta, a sake gwadawa da ragi mafi ƙanƙanta.

Dabarar nan ta sha yau a tsallake gobe, ku bar ta. Ga maganin da ke fita da sauri, kullum jefa jiki ake yi sama da ƙasa. Fulokzetin ne kaɗai likita kan yarda a yi wa haka. Sannan ba kowace ƙwaya ake rabawa da reza ba. In ka ga an rubuta XR ko XL a kwali, an yi ta ne ta riƙa narkewa a hankali, kada a fasa, kada a tauna, a tambayi mai harhaɗa magani tukuna.

Sauyawa daga wani zuwa wani kuma, saboda na farkon bai yi aiki ba, ko yana sa ƙiba, ko yawan barci, ko ya rage sha'awar iyali (wannan ta ƙarshen ku daina ɓoye wa likita, ya saba ji), hanyarsa ta danganta da magungunan biyu. In dangi ɗaya ne, wani lokaci a ajiye wannan yau a ɗauki wancan gobe. Wani lokaci a riƙa rage tsohon ana ƙara sabon a tare. Wani lokaci kuma dole a bar tazara babu komai a tsakani. Akwai wani tsohon rukuni da ake kira MAOI, ba a cika ganinsa a nan ba, amma wanda zai koma kan wannan rukunin daga fulokzetin sai ya jira mako 5 cur. Misalin da ya fi shafarmu shi ne amitiriftilin. Fulokzetin da farokzetin suna rage wa hanta saurin sarrafa shi, sai ya taru a jini fiye da kima, ya taɓa bugun zuciya. Yaron kemis ba zai lissafa maka wannan ba, komai kirkinsa. Kada ya ce maka ai duk ɗaya ne, ga wani a madadinsa.

Sai tiramadol. Ina roƙonku da girman Allah, mai shan maganin damuwa kada ya haɗa da tiramadol, ko don ciwon baya ne, sai da sanin likita. Shi ma yana ɗaga sirotonin, in suka haɗu abin yana iya yin yawa. Alamarsa cikin awoyi take bayyana: rawar jiki, fizgar tsoka, zufa, zazzaɓi mai zafi, gudawa, bugun zuciya da sauri, ruɗewa. Wannan ba a kwana da shi a gida, asibiti ake nufa a daren. Haka kuma duk wanda tunanin kashe kansa ya zo masa lokacin rage magani ko sauya shi, musamman matasa 'yan ƙasa da shekara 25, a ranar za a kai shi. Ga Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya a Barnawa, ga Barau Dikko a tsakiyar gari, na Zariya kuma ga asibitin koyarwa na Shika. Kada a bar shi shi kaɗai, kuma a kwashe sauran ƙwayoyin daga ɗakinsa, amitiriftilin musamman, don yawansa yana kisa.

A kwanakin saukar, sami ɗan littafi ka riƙa rubuta adadin da ka sha da abin da ka ji, ka tafi da shi ranar ganin likita. Ka sanar da mutum ɗaya a gida, mata ko miji ko yaya, don in an ga kana faɗa ba dalili a san daga ina ne. In jiri na damunka kada ka tuƙa mota ko keke, sallah ma ka yi a zaune. Goro da shayi mai kauri a rage su da yamma. Kuma kada ka zaɓi lokacin biki, ko jarrabawa, ko rasuwa ka ce a nan za ka fara ragewa.

Wani malam daga Kawo yana tambaya game da azumi. Malam, yawancin magungunan nan sau ɗaya ake sha a rana, don haka azumi ba ya hana su. Mai sa barci kamar amitiriftilin a sha bayan an sha ruwa ko lokacin kwanciya, fulokzetin kuwa da yake yana iya hana barci ya fi dacewa da sahur. Ka je wa likitanka tun cikin Sha'aban ku tsara. Mai juna biyu ma da ta turo saƙo, kada ki yar da maganin don kin ga ciki, ki je asibiti cikin makon nan a duba wanda kike sha, in farokzetin ne ki faɗa musu tun a bakin ƙofa. Lokacinmu ya cika, sauran saƙonnin sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya.