Yadda ake mayar da wandon jins na gwanjo jakar rataye

Assalamu alaikum jama'a, barkanku da warhaka. Abin da za a yi aiki da shi wandon jins ne na maza da rigar shat guda ɗaya, duka daga tulin gwanjo, irin wanda ake zubewa a Ƙofar Wambai bayan an buɗe dila an tsince masu kyau. Daga su biyun za a fitar da jakar rataye mai shafi, mai aljihu ciki da waje, wadda za ta ɗauki littattafai ko cefane hannunta bai tsinke ba.

Tun a wurin zaɓe ake gyara wannan aiki ko a ɓata shi. Ku nemi babban wando, mai ƙugu 36 zuwa sama, mai miƙaƙƙiyar ƙafa. Wando fensir ba zai ba ku faɗin da kuke buƙata ba. Ku kama yadin ku ja shi ta faɗi. Idan ya miƙe ya koma, akwai roba a cikin saƙarsa, kuma irinsa yana tattarewa a ƙarƙashin allura, jakar ma da ta ɗauki nauyi sai ta zazzago. Wanda ya ƙi miƙewa shi ne naku. Sannan ku ɗaga shi sama ya fuskanci rana, ku duba tsakanin cinyoyi da gwiwa. Duk inda haske ya ratso, yadin ya mutu a nan, ko da bai huje ba. Kada yagewar bakin ƙafa ko lalacewar zif ta hana ku saye, ai ba da su za a yi aiki ba, kuma su ne ma za su sa a rage muku kuɗi.

Shat ɗin kuwa ta zama babba, ta auduga. In kuna shakka, ku zare zare kaɗan daga cikinta ku kusanta shi da ashana. Auduga tana ƙonewa da warin takarda ta bar toka mai laushi, na roba kuwa narkewa yake ya dunƙule ya yi tauri. Shat mai roba da yawa tana zamewa wajen ɗinki, kuma dutsen guga na gawayi yana iya cinye ta nan take.

Kafin almakashi ya taɓa su, a wanke su da ruwan zafi da sabulu, kowanne daban, a shanya a rana a baibai, a goge. Bayan wandon ya bushe, ku jiƙa farin ƙyalle ku goga a jikinsa da ƙarfi. In ya ɗebo shuɗi, a sake wankewa har sai ya daina. Wannan jaka a kafaɗa za ta zauna, tana gogar farin hijabi ko farar shadda cikin zafi da gumi, kuma babar jins in ta kama farin kaya da wuya ta fita.

To, sai yanka. Ku shimfiɗa wandon, ku yanke ƙafafun biyu daga daidai inda suka rabu. Kowace ƙafa tana da ɗinki biyu, na ciki da na waje. Ku bi gefen na ciki ku yanke shi ku jefar, ku buɗe ƙafar ta zama shimfiɗaɗɗen yadi, ɗinkin waje yana tsakiya. Ku goge shi sosai da ɗan ruwa, musamman wurin gwiwa da ya yi kumburi. Da alli da abin awo ku zana faɗi inci 16, tsawo inci 15, a kowace ƙafa, ɗinkin nan na tsakiya ya faɗo daidai kan inci 8. Tsawon jakar ya bi tsawon ƙafar wandon, domin ta nan zaren saƙar ya fi ƙarfi. In kuka yanka a karkace, jakar za ta murɗe bayan wanki na farko, kuma babu gugar da za ta daidaita ta. Idan faɗin bai kai 16 ba, kada ku matse awon. Ku ƙara tsirin atamfa a gefe biyu, ya zama ado.

A kusurwoyin ƙasa na kowane yanki, ku cire murabba'i mai inci 2 ta kowane gefe. Shi ne zai ba jakar gindi mai faɗin inci 4 da za ta zauna a kai.

Shafi daga shat zai fito, awo ɗaya da na jins, har da cire kusurwoyin. Bayan rigar zai ba ku yanki ɗaya. Na biyu daga gaba, ku saka maɓallan duka a ramukansu, ku bi layinsu da ɗinki don ya rufe, sannan ku yanka yadda aljihun ƙirji zai faɗo ciki. Kun sami aljihun ciki ke nan ba tare da kun ɗinka ba. Duk maɓallin da ya zo kusa da inda allura za ta bi, a cire shi.

Hannun jakar kuwa, ƙugun wandon ne. An riga an ninka shi an ɗinke a masana'anta, ya fi duk abin da za ku haɗa da kanku ƙarfi. Ku farke madaukan bel da reza a hankali, ku yanke ƙugun daga jikin wandon dab da ɗinkinsa, ku datse wajen maɓallin ƙarfe da wajen ramin maɓalli. Abin da zai rage ya haura inci 30, daidai rataye a kafaɗa. Aljihun baya guda ɗaya ma a farke shi, shi ne zai zama aljihun waje na jakar. Kusurwoyinsa na sama suna da ɗinki mai kauri da aka maimaita, ku yanka zaren ta baibai, in kuka fizga yadin ne zai yage.

Yanzu keke. Ko Butterfly ce ko tsohuwar Singer ta ƙafa, za ta yi wannan aiki, in dai an sa mata abin da ya dace. Ku cire allura mai lamba 14 da kuke ɗinkin atamfa da ita, ku sa sabuwa mai lamba 16 ko 18. Ku buɗe tsawon ɗinki ya kai kamar milimita 3, domin ƙananan ɗinki a kan jins cushewa suke yi wuri ɗaya. In za ku sa zare mai kauri don ado, a sama kawai za a sa shi, kwarkwaro, wato mai riƙe zaren ƙasa, ya zauna da zaren da aka saba. Ku ɗiga wa keken mai, ku gwada a kan ragowar yadin da aka ninka huɗu kafin ku taɓa na gaske.

Aljihun waje ake fara ɗorawa, tun yadin yana a shimfiɗe, inci 4 ƙasa da baki. Daga nan ku haɗa yankunan jins biyu fuska da fuska, ku ɗinke gefe biyu da ƙasa, kuna barin rabin inci a baki. Ku buɗe bakin ɗinkin da guga ya kwanta hagu da dama. Sai ku kama kowace kusurwa da aka cire, ku buɗe ta, ɗinkin gefe ya hau kan ɗinkin ƙasa daidai, ku ɗinke ta sau biyu.

A nan ne yawancin allurai suke karyewa, don haka ku kula da kyau. A gindin jakar, tsohon ɗinkin wandon da ke gabanta yana haɗuwa da wanda ke bayanta, yadi ya taru ninki da yawa. Ƙarfen da ke danne yadi yana hawa tudun sai ya karkace, haƙoran keke su kasa ja, allura ta tsallake ɗinki ko ta lanƙwashe ta bugi ƙarfe. Maganin abu uku ne masu sauƙi. Ku ɗora wurin a kan katako ku bubbuga shi da guduma har ya kwanta. In kun iso tudun, ku ninka guntun jins ku cusa a bayan ƙarfen don ya daidaita. Sannan ku ɗauke ƙafa daga feda, ku juya wilin da hannu, ɗinki ɗaya bayan ɗaya, har ku wuce. Kada ku ja yadin ta baya don taimaka wa keke, wannan jan shi ne yake karya allura. In kuka ga zare ya cukurkuɗe a ƙarƙashi, kada ku fara kwance kwarkwaro. Galibi zaren sama ne bai shiga maɗaurinsa ba. Ku ɗaga ƙarfen, ku zare zaren gaba ɗaya ku sake jera shi.

Shafin ma haka za a haɗa shi, sai dai a bar inci 5 a buɗe a ƙasansa. Jins yana zubar da zare a baki, saboda haka a bi bakunan da zigizag ko a kai wa mai injin wibin, wato injin da ke naɗe bakin yadi da zare, ko da shafi zai rufe su.

Ku juya jakar jins fuskarta ta fito. Ku ɗora bakunan hannun a kan ɗinkin gefe biyu, suna kallon sama, jikin hannun ya yi ƙasa, kowanne ya zarce bakin jakar da inci 1, ku tabbata bai murɗe ba. Ku zura jakar cikin shafin, fuska da fuska, hannun yana tsakaninsu, ku ɗinke bakin kewaye. Ta ƙofar nan ta inci 5 za ku jawo komai waje, sannan ku rufe ta, ku tura shafin ciki, ku goge bakin, ku bi shi da ɗinkin ado.

Saura abu ɗaya da ba a tsallakewa. Wannan inci 1 na hannu da ya shige ciki, ku ɗinke shi ta waje da siffar akwati, ku ratsa shi da layi biyu daga kusurwa zuwa kusurwa. Layi ɗaya tak ba zai riƙe nauyi ba, a nan jakunkunan kasuwa suke fara ɓallewa. Da kun gama, ku zuba mudu biyu na shinkafa a leda ku saka a ciki, ku ɗaga ta hannun ku jijjiga. In kun ji ƙarar zare ko kun ga ɗinki ya buɗe baki, ku koma kan keke ku sake bin wurin tun ba a fita da ita ba.

Hannayen shat ɗin da suka rage kada a zubar. In aka yanke su daga kafaɗa, aka tsaga saman kowanne aka haɗa su, aka sa roba a ƙugu, wandon ƙaramin yaro ne, kuma bakin hannun da maɓallinsa ya riga ya zama bakin ƙafa.