Wanda aiki ya bari, ba hannu rabbana ya fito ba

An gabatar da wannan lacca a wani taron matasa da magidanta a unguwar Zariya, cikin garin Maraɗi, aka rubuta ta daga faifai.

Assalamu alaikum. Iyayena, malamaina, ƙannena maza da mata, sannunku da haƙurin zama cikin zafin nan.

An ce in yi magana kan yadda mutum zai sake hanya idan aiki ya kuɓuce masa, musamman ta fannin kwamfuta. Ni ba injiniya ba ne, ku sani tun yanzu. Shekara 11 na yi ina cika takardun fiton kaya a wani kamfani, tsakanin duwan da sito. A watan Agusta na 2019 Najeriya ta rufe iyaka, motoci suka yi cirko-cirko a Ɗan Isa, ba a buɗe ba sai Disamba 2020. Ni ban kai Disamban ba, wata na huɗu maigida ya kira mu ya ce a yi haƙuri. Wasunku irin wannan ce ta same su a 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, da aka sa takunkumi aka yanke wutar da ke zuwa daga Najeriya. Wasu kuma 'yan furoje ne, kuɗin tallafin Amurka ya tsaya a farkon 2025, kwangila ta tsaya da shi.

Zan faɗi abin da ba a son faɗa. Wata 2 na yi ina saka kaya da safe, in hau babur in fita, kamar ina da inda zan je. Uwargida ta sani, ta yi mini kara, ba ta ce komai ba. Maƙwabta nake ɓoye wa. Man da na ƙone ina zagaya gari da ya biya mini kuɗin koyo. Kuma abin haushi, mutanen da nake ɓoye wa su ne za su iya ce mini Alhaji wane yana neman mai riƙe masa lissafi. Ranar wanka ba a ɓoye cibi. Ka faɗa, ka karɓi takardar shaidar aiki daga inda ka bari, ka je ANPE, hukumar da ke taimaka wa masu neman aiki, ka yi rajista, ka zauna da iyali ku ƙidaya wata nawa abin hannunku zai kai ku.

To, kwamfuta. Yaro ya zo ya same ni, ya ce, "Kawu, ina son in shiga anfarmatik." Na ce wace? Ya yi shiru. Kamar ka ce za ka shiga kasuwa ne, ba ka ce layin 'yan goro ko na 'yan atamfa ba. Akwai mai gyaran waya, akwai mai ja wayar intanet ya kafa kamara a shago, akwai mai zana talla, akwai mai tattara bayanai a ƙauyuka da manhajar cika fom a waya mai suna KoboToolbox, akwai mai rubuta manhaja. Wannan na ƙarshen shi kowa ke hange, don an ce ana biya da dalar Amurka daga ɗaka. Akwai masu samu, ban musa ba. Amma yana son shekaru, yana son Turanci a kan Faransancin da muka yi a lakwal, yana son wuta da intanet da ba sa yankewa, ga kuma wahalar yadda kuɗin zai iso hannunka. Saurayi da ke cin tuwon gidansu zai iya jira, ya je Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ya yi karatunsa a tsanake. Magidanci mai baki 8 a bayansa, ban ba shi wannan shawara ba.

Ni ta ƙofar aikina na dā na shiga. Excel, manhajar tsara lissafi, kawai na koya, a tsohuwar kwamfuta da na saya hannu na biyu, batirinta ya mutu sai an jona. Da na iya, na je wurin wani ɗan kasuwa da na sani tun ina fito. Sito 3 gare shi, lissafinsa duk a littafi da kan yaransa. Buhu nawa ya shiga, nawa ya tafi Dakwaro, wa ya ɗauka bashi a Tasawa, sai an yi ta gardama. Na ce, "Alhaji, ba ni mako 2, kada ka biya ni." Na zuba masa komai a tsari. Ranar da ya ga sunayen masu bashi a jere, kowa da kwanan watansa, ya cire hula ya ajiye.

Ku lura da kyau. Yara da yawa a garin nan sun fi ni iya Excel nesa ba kusa ba. Abin da ba su sani ba shi ne yadda buhu ke ɓacewa tsakanin mota da ƙofar sito, da yadda ake yi wa Alhaji maganar bashin surukinsa ba tare da ransa ya ɓaci ba. Wannan shekara 11 ce ta koya mini, kuma sallama daga aiki ba ta ƙwace shi ba. Ke da kika yi aikin asibiti a furoje, kin san fom ɗin awon yara fiye da duk mai kwamfuta, abin da ya rage miki kaɗan ne. Kai da ka koyar a lakwal, iya bayani sana'a ce, 'yan kasuwa nawa ke da babbar waya ba su san komai cikinta ba sai WhatsApp? Mai gyaran rediyo, hannunka ya riga ya saba da dalma.

Garin nan ma haka ya yi. Kakanninmu da gyaɗa suka yi arziki. Da farin 1973 da 1974 ya karya ta, Alhazan Maraɗi ba su zauna makoki ba, suka juya ga fiton kaya zuwa Najeriya, da sanin hanya da amanar da suka tara tun zamanin gyaɗa.

Hattara da abu guda. Duk wanda ya ce ka tura kuɗi ta Nita ko Amana kafin ya ba ka aiki a intanet, ko ka zuba jika 50 ta zama 100 a mako, ɓarawo ne, ko da ya fara da sallama da aya. Wurin koyo kuwa, kafin ka biya, ka shiga ka ƙidaya kwamfutocin da ke kunne, ka tambayi mutum nawa ke zama kan kowace. Ku kuma riƙa leƙa FAFPA, asusun da ke tallafa wa koyon sana'a, ku ji ko akwai horon da aka buɗe.

Hajiya a baya ta ɗaga hannu. Na'am, Hajiya? Tana tambaya ko mai shekara 45 bai makara ba. Hajiya, ina da 41 na fara, da yatsa ɗaya nake danna haruffa, ɗiyata ta aji shida tana yi mini dariya. Har yau da yatsu 4 nake bugawa, kuma shaguna 6 nake riƙe wa lissafi. Gobe bayan la'asar zan kawo kwamfutar nan. Duk mai zuwa ya taho da littafin lissafi na gaske, na shago ko na adashi, da shi za mu fara.