Wata Huɗu a Aji Ɗaya: Daga Ina Tazarar Lissafi Tsakanin Yara Maza da Mata Take Fitowa?

Masu kallo, barkanmu da wannan lokaci. Akwai wata tambaya da ta daɗe tana yawo a bakin iyaye da malamai: shin yara maza sun fi 'yan'uwansu mata kaifin basira a lissafi da kimiyya tun daga haihuwa, ko kuwa wani abu ne yake samun yaran bayan sun shiga makaranta? Za mu fara neman amsa daga ƙasar Faransa, domin a can aka yi binciken da ya fi kowane kusantar ainihin lokacin da abin yake farawa.

A Faransa, duk yaron da ya shiga aji ɗaya na firamare yana yin wani gwaji na ƙasa baki ɗaya a makonninsa na farko, a sake gwada shi bayan wata huɗu, sannan a ƙara gwada shi a farkon aji biyu. Wasu masana, ciki har da Pauline Martinot da Stanislas Dehaene, sun tattara sakamakon yara fiye da miliyan biyu da rabi, suka wallafa abin da suka gano a mujallar Nature a shekarar 2025. A ranar shiga makaranta, maza da mata kusan kunnen doki suke a lissafi. Bayan wata huɗu kacal, maza sun fara yin gaba, kuma da shekara ta zagayo tazarar ta ƙara faɗi sosai. An ga haka a makarantun gwamnati da masu zaman kansu, a kowane yanki na ƙasar, kuma abin mamaki shi ne tazarar ta fi girma a tsakanin 'ya'yan masu hali. Masanan sun kwatanta yaran da suke aji ɗaya amma shekarunsu sun bambanta, da waɗanda suke sa'anni amma azuzuwansu daban, sai suka tarar cewa tazarar tana bin tsawon zaman da yaro ya yi a makaranta fiye da yadda take bin shekarunsa na haihuwa.

Kafin mu shiga dalilai, ya kamata mu san girman abin da muke magana a kai, domin sau da yawa ana kambama shi fiye da kima. Ƙungiyar OECD, ta haɗin kan tattalin arziki wadda yawancin mambobinta ƙasashe masu arziki ne, tana gudanar da gwajin PISA tun shekarar 2000, inda ake auna 'yan shekara 15 a karatu da lissafi da kimiyya. A zagayen 2022, wanda ƙasashe da yankuna 81 suka shiga, maza sun fi mata da maki 9 a lissafi idan aka ɗauki matsakaicin ƙasashen ƙungiyar. A ma'aunin wannan gwaji, maki 20 ne suke daidai da abin da ɗalibi yake koya a shekara guda, saboda haka tazarar ba ta kai ta rabin shekara ba. A kimiyya kuwa babu wani bambanci na a zo a gani, har ma a zagayen 2018 mata ne suka ɗan yi gaba da maki 2. Bambancin da ke tsakanin yaro mai ƙoƙari da yaro mai rauni a aji guda ya ninka wannan tazara sau da yawa, ta yadda idan aka ba ka takardun amsa guda biyu babu suna, ba za ka iya tantance ta namiji da ta mace ba.

Sai kuma taswirar duniya, wadda a ganina ita ce hujja mafi ƙarfi. A wannan zagaye na 2022, maza sun yi gaba a lissafi a ƙasashe da yankuna 40, mata kuma sun yi gaba a 17. A Italiya maza sun wuce mata da maki 21, alhali a Finlan da Jodan da Malesiya da Filifin mata ne a gaba. Halittar ɗan Adam ba ta canzawa idan aka tsallaka iyakar ƙasa, amma tsarin makaranta da tunanin jama'a suna canzawa. A Amurka, Janet Hyde da abokan aikinta sun duba sakamakon ɗalibai kimanin miliyan 7 a 2008, ba su sami wani bambanci mai ma'ana a matsakaicin makin lissafi ba. Idan kuma aka bar manyan gwaje-gwaje aka koma ga makin da malamai suke bayarwa a ƙarshen zango, wani babban nazari na 2014 ya nuna cewa mata sun daɗe suna gaba a kusan dukkan darussa, har da lissafi da kimiyya.

Adalci ya sa dole mu ambaci inda tazarar ta fi fitowa fili, wato a sahun ƙoli, cikin ɗalibai mafiya hazaƙa. A 1983, Camilla Benbow da Julian Stanley sun ruwaito cewa cikin yaran Amurka 'yan ƙasa da shekara 13 da suka ci maki 700 ko fiye a sashen lissafi na jarrabawar SAT, wato jarrabawar neman shiga jami'a, ana samun maza 13 ga kowace mace ɗaya. Mutane da dama sun riƙe wannan adadi a matsayin shaida cewa abin a jini yake. To amma cikin shekaru kaɗan adadin ya sauko zuwa kimanin maza 4 ga mace ɗaya, a daidai lokacin da 'yan mata suka fara shiga azuzuwan lissafi mai zurfi da yawa. Tazarar ba ta ɓace ba, kuma masana suna ci gaba da muhawara a kan ragowarta, sai dai ƙwayoyin halitta ba sa sauyawa cikin shekara goma. A 2019 ma, Jessica Cantlon da abokan aikinta sun ɗauki hoton ƙwaƙwalwar yara 104 masu shekara 3 zuwa 10 yayin da suke kallon darasin lissafi, suka ga sassa iri ɗaya ne suke aiki a ƙwaƙwalwar maza da ta mata, kuma a mataki ɗaya na girma.

To me yake faruwa a cikin ajin? Mu ɗauki darasi guda mu dube shi da kyau. Malama ta rubuta 8 a tara da 7 a kan allo, ta juyo ta ce wa zai faɗa. Kafin ta rufe baki, hannaye uku sun tashi a layin gaba, wani yaro ma ya riga ya faɗi amsa da ƙarfi, ko daidai ko kuskure bai damu ba. A layi na uku akwai yarinyar da ta riga ta rubuta 15 a gefen littafinta, amma tana sake ƙirgawa da yatsu a ƙarƙashin tebur domin ta tabbatar, hannunta ya ɗan ɗaga ya koma. Malama ta kira mai sauri, ta yaba masa, aka wuce tambaya ta gaba. Babu wanda ya zalunci kowa da gangan, amma idan wannan ya maimaitu sau ɗari a zango ɗaya, yaron ya koyi cewa shi gwanin lissafi ne, yarinyar kuma ta koyi cewa lissafi fagen masu sauri ne da ba nata ba, alhali amsarta daidai ce.

Bincike ya kama irin wannan a wurare da yawa. A 2017, Lin Bian da Sarah-Jane Leslie da Andrei Cimpian sun ba yara labarin wani mutum mai tsananin basira ba tare da sun faɗi jinsinsa ba, sannan suka ce su zaɓi hotonsa. 'Yan shekara 5, maza da mata, kowa ya fi zaɓar jinsinsa. Daga shekara 6 kuwa, 'yan mata sun fara ja da baya wajen zaɓar mace, kuma sun fara guje wa wasan da aka ce na masu tsananin basira ne. A 2010, Sian Beilock da abokan aikinta sun bi azuzuwan malamai mata 17 na aji ɗaya da biyu, suka ga cewa inda malama take fargabar lissafi, zuwa ƙarshen shekara 'yan matan ajinta sun fi yarda cewa lissafi na maza ne, kuma waɗanda suka yarda da hakan makinsu ya yi ƙasa. Laifin ba na waɗannan malamai ba ne, domin su ma wani ne ya dasa musu tsoron suna ƙanana. A Isra'ila kuma, Victor Lavy da Edith Sand sun kwatanta makin da malamin aji ya bayar da wanda mai duba takarda na waje ya bayar ba tare da ya san sunan ɗalibi ba, suka tarar cewa 'yan matan da suka faɗa hannun malamai masu fifita maza sun rage zaɓar lissafi mai zurfi a sakandare.

Akwai wani bayani da ya yi suna wanda ya kamata a yi hattara da shi. Wani gwaji na 1999 ya nuna cewa idan aka tuna wa mata kafin jarrabawa cewa ana ganin maza sun fi su a lissafi, makinsu yakan faɗi. An yaɗa wannan sosai, amma da aka maimaita shi da ɗalibai fiye da dubu biyu a ƙasar Holan, ba a ga tasirin ba. Darasin da na ɗauka shi ne, abin da ya taru cikin shekaru ba ya warwarewa da jimla ɗaya ta ƙarfafa gwiwa a safiyar jarrabawa.

Abin da ya fi damuna ya wuce maki 9. A zagayen PISA na 2012, 'yan mata sun fi bayyana fargabar lissafi da rashin amincewa da kansu ko da makinsu daidai yake da na maza. A zagayen 2018, cikin ɗaliban da suka yi fice a lissafi ko kimiyya, fiye da ɗaya cikin maza huɗu yana sa ran zama injiniya ko masanin kimiyya, amma a ɓangaren mata adadin bai kai ɗaya cikin shida ba. Waɗannan yara ne da suka riga suka nuna iyawarsu. Thomas Breda da Clotilde Napp sun kawo wani bayani mai kama hankali a 2019: yarinyar da ta iya lissafi sau da yawa ta fi iya karatu da rubutu, sai ta auna kanta da kanta, ta yanke cewa fannin harshe ne nata, su ma manya su taya ta yanke hakan. Yaron da makinsa na lissafi daidai yake da nata, amma karatunsa bai kai nata ba, sai ya ɗauki lissafi a matsayin abin da ya fi ƙwarewa a kai. A nan ya dace mu tuna cewa a 2022 mata sun fi maza da maki 24 a karatu, tazarar da ta ninka ta lissafi fiye da sau biyu, kuma yaran maza da aka bari a baya a wannan fage sun cancanci irin kulawar da muke nema wa mata. Ƙarshen wannan hanya shi ne abin da UNESCO ta bayyana a 2017, cewa mata kashi 35 cikin 100 ne kawai na masu karatun kimiyya da fasaha da injiniyanci da lissafi a manyan makarantu.

Wasu gyare-gyaren ba sa buƙatar komai sai lura. Tun a shekarun 1970, Mary Budd Rowe ta auna cewa malamai sukan jira kimanin daƙiƙa ɗaya bayan sun yi tambaya, kuma idan suka ƙara jiran zuwa daƙiƙa uku, ɗalibai da yawa sukan amsa, amsoshin kuma su fi tsawo da ma'ana. Daƙiƙa ukun nan ne yarinyar layi na uku take buƙata. Duba takardu ba tare da ganin suna ba yana toshe ƙofar son rai, rage gasar sauri a shekarun farko yana ba masu tunani a natse dama, kuma iya juya siffofi a cikin zuciya, wanda maza sukan fi samun maki a kansa, an tabbatar cewa horo yana inganta shi ga kowa.

Labarin Maryam Mirzakhani, masaniyar lissafi, ya nuna tasirin malami. Ta taso a Tehran, babban birnin Iran, tana burin zama marubuciya, kuma a shekararta ta farko a ƙaramar sakandare ba ta yi abin kirki a lissafi ba, malamarta ma ba ta ga wata baiwa a tattare da ita ba. A shekara ta gaba ta sami mai koyarwa da ya ƙarfafa ta, daga baya kuma shugabar makarantarsu ta 'yan mata ta tsaya kai da fata sai da aka buɗe musu azuzuwan warware matsaloli irin waɗanda ake yi a makarantar maza. A 1994 ta ci lambar zinariya a gasar lissafi ta ɗalibai ta duniya, a 1995 ta sake ci ba tare da ta rasa maki ko ɗaya ba. A 2014, tana farfesa a Jami'ar Stanford, ta zama mace ta farko da ta karɓi lambar Fields, ɗaya daga cikin manyan lambobin yabo na lissafi a duniya, wadda aka fara bayarwa tun 1936. Ta rasu a 2017 tana da shekara 40. A 2022, Maryna Viazovska 'yar ƙasar Yukren ta zama ta biyu, cikin mutum 64 da suka karɓi lambar zuwa shekarar 2022.