Ɗan jaridar da ya ce an buɗe ƙofa tun ba a buɗe ba

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka daga Berlin. Ku yi haƙuri da ƙarar iska, sanyin yau ba ya wasa, yatsuna har sun ƙage a jikin wayar.

Gadar nan da nake tsaye a kai tana titin Bornholmer. Nan ne shingen farko da aka buɗe a katangar da ta raba Berlin ta Gabas da ta Yamma a daren 9 ga Nuwamba 1989. Wanda ya kawo ni nan kuwa wani ɗan jaridar talabijin ne, Hanns Joachim Friedrichs, Jamusawa na ce masa Hajo.

An haife shi a garin Hamm a 1927. Ya koyi aiki a sashen Jamusanci na BBC a Landan, ita wannan BBC da kakanninmu ke kamawa a rediyo. Ya yi wa tashar ZDF wakilci a Amurka da Vietnam, ya shugabanci sashen wasanninta, sannan a 1985 ya koma tashar ARD yana gabatar da Tagesthemen, shirin labaran dare.

To, ga inda zancen yake. Da yammacin ranar, wani jami'in gwamnatin Gabas, Günter Schabowski, ya yi suɓul da baka a taron manema labarai, ya ce sabuwar dokar da ta ba mutanen Gabas damar fita ƙasar ta fara aiki nan take. Sojojin kan iyaka kuwa babu wanda ya ba su umarni. Wasan ƙwallo ya jinkirta shirin Hajo sai wajen ƙarfe 10:42 na dare. Da ya bayyana, ya fara da cewa a yi hattara da kambama abu, sai kuma ya ce ƙofofin katangar a buɗe suke warwar.

Alhali a lokacin ba a saki shingen nan ba! Mutanen Gabas da yawa talabijin ɗin Yamma suke kallo, suna jin wannan daga bakin mutumin da suka yarda da shi sai suka ƙara tururuwa. Wajen 11:30 jami'in da ke kula da nan, Harald Jäger, ya ga abin ya fi ƙarfinsa, ya sa aka ɗaga shingen.

Abin da ke ba ni mamaki, shi Hajo ɗin an fi saninsa da koyarwar cewa ɗan jarida kada ya zama ɗan wata tafiya, ko da tafiyar ta alheri ce. Ga shi a wannan daren bakinsa ya riga labarin. Ni dai ban ga laifinsa ba, amma da a ce sojojin sun yi harbi, da wani zancen ake yi yau.

Ya bar shirin a 1991, Ulrich Wickert ya gaje shi. Ciwon dajin huhu ya yi ajalin Hajo a Hamburg a Maris 1995, kuma tun shekarar ake ba 'yan jaridar talabijin lambar yabo da sunansa.

Ga jirgina can ya shigo tashar da ke ƙarƙashin gadar, bari in sauka.