Darasi: Yadda Ake Tayar da Tsohuwar Mota Don Baje Koli a Bikin Kalankuwa

Mai gabatarwa: Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum. Kaka ta yi, an kai amfanin gona gida, ƙauyuka sun fara shirin kalankuwa. A wani gari nan yankin Ringim, masu sha'awar tsofaffin motoci za su jera nasu a gefen filin dambe. Shi ya sa muka gayyato dattijon makanike. Baba, barka da zuwa. Mutum yana da Fijo a zaure ta shekara goma ba ta motsa ba, ta ina zai fara?

Makanike: Barka kadai, ɗana. Zai fara da cire hannunsa daga makulli. Mutane su kan ɗauko sabon batir su ɗaura, su murɗa, su ce bari mu ji ko tana da rai. Nan ake kashe injin. Bakin mai ya daɗe da gangarewa ƙasa, saman injin a bushe yake, ƙarfe zai ci ƙarfe.

Ka kwance fulogi duka huɗun, ka ɗiga bakin mai kaɗan a kowane rami, ka bar shi ya kwana. Da safe ka sa sifana ka juya injin da hannu, a hankali. In ya zagaya, alhamdu lillahi. In ya cije, kar ka yi masa dole, ƙara mai ka jira. Sannan ka juye tsohon bakin mai, ka zubar da fetur ɗin tanki. Fetur in ya tsufa warinsa ma canzawa yake, ya koma danƙo ya toshe kafireta. Ita ma a kwance ta a wanke.

Kuma ka leƙa ko'ina da tocila. Motar da ta zauna kusa da rumbu, wallahi sai ka tarar ɓera ya yi gida a cikin tukunyar iska, da ɓawon gyaɗa da tsumma, ya gaigaye wayoyi. Waya tsirara kusa da fetur, ka san sauran.

Mai gabatarwa: To Baba, birki fa?

Makanike: Man birki yana shan ruwa in ya daɗe, robobin kuma su bushe. A canza gaba ɗaya, babu ciniki, filin biki cike yake da yara. Taya ma kar zanenta ya ruɗe ka, duba gefenta ko ya tsattsage.

Bari in tsaya a kan Bitil, wato Volkswagen ɗin nan mai ƙusumbi, don ita ce aka fi yi wa kuskure. Injinta a baya yake, kuma ba ta da lagireto, iska ce ke sanyaya ta. Fanbel ɗinta shi ne ranta: in ya tsinke fanka ta tsaya, kafin ka ankara injin ya ƙone. Ka tafi da na ajiya. Batir ɗinta kuma a ƙarƙashin kujerar baya yake. In babu murfi a kansa, ƙato ya zauna, ƙarafan kujera suka taɓa kan batir, sai hayaƙi. Ranar biki kuwa kowa so yake ya shiga a ɗauke shi hoto.

Mai gabatarwa: Wasu na cewa sai an yi mata sabon fenti.

Makanike: Ni dai ban goyi baya ba. A wanke ta, a tsayar da tsatsa, shi ke nan. Ka ga Fijo 504, a 1968 ta fito a Faransa, a 1975 kamfanin Peugeot na Kaduna ya fara haɗa motoci a nan ƙasar. Dattijon da ya hau ta zuwa Kano yana saurayi, kalar da ya sani yake nema, da ɗan zakin nan na gaba. Ka liƙa mata fitilun zamani da baƙin gilashi, ka ɓata. In wani abu ya ɓace, a bi kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano a nemi na asali, ko da tsoho ne. Haka 404 a-kori-kura, wadda ta yi jigilar buhunan gero ranar kasuwa: giyarta a jikin sitiyari take, a bar ta a nan, samari su gani su yi mamaki.

A filin kuma, a nemi ƙasa mai tauri, rairayi yana riƙe su. A nisanta da dawakai, hon ɗaya ya isa ya firgita ingarma. A sa dutse a taya, a cire kan batir, a ajiye bokitin yashi kusa. Ƙurar hunturu in ta kwanta, kar a goge da busasshen tsumma, kartar fenti take, a jiƙa tukuna. A rubuta shekarar motar da aikin da ta yi a kwali, da Hausa, da boko da ajami, mai ita kuma ya tsaya kusa don tambayoyi.

Mai gabatarwa: Lokaci ya cimma mu, Baba. Mako mai zuwa sai Landiroba.

Makanike: In Allah Ya kai mu. Ita jikinta ba ya tsatsa, gorar ruwa ce, wato alminiyam, amma shasinta yana yi. A fara leƙa ƙarƙashinta kafin mu haɗu.